Bismarck na Revell a ma'aunin 1/350: kwalin da ya san gaban jirgin da bayansa ba ɗaya ba ne

Duk mai son haɗa ƙaramin Bismarck na roba, wato kwaikwayon babban jirgin ruwan yaƙin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, in dai abin da ya dame shi shi ne bindigogin kakkaɓo jiragen sama da na'urorin saitinsu su zauna daidai inda suke a jirgin gaske, kwalin kamfanin Revell mai lamba 05040 ya ishe shi. Na haɗa shi, yana nan a kan kanta a ɗakina, kuma da za a sake ba ni zaɓi, shi zan kuma ɗauka. Sai dai ba kowa zan ce ya saya ba, kuma zan faɗi dalili.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan kaya ba: kwali ne dogo, cike da gutsattsarin roba masu launin toka, guda 659, kowanne a maƙale da reshen da aka zubo shi a kai. Kai za ka yanke, ka goge da samfefa, ka manna, ka yi fenti. Kamfanin yana garin Bünde a Jamus. Jirgin gaske, wanda aka ƙera a masana'antar Blohm & Voss da ke Hamburg, tsawonsa mita 251 ne, faɗinsa mita 36. Idan ka gama naka zai kai santimita 71.8 a tsawo, faɗinsa kuma ya ɗan haura santimita 10. A wannan ma'auni mita ɗaya bai cika milimita uku ba, kuma sojan ruwa mai matsakaicin tsawo milimita biyar ne kacal. Saboda haka in hannunka ya kauce da milimita ɗaya, ka matsar da bindiga santimita 35 ke nan. In ya kauce da uku, ka tura ta sama da mita guda, ta tsaya a kan hanyar da mutane ke wucewa, ko hancinta ya doshi bangon da a jirgin gaske take kewaye shi ba tare da ta taɓa ba.

Gangar jikin ta zo ɓari biyu, hagu da dama. Ta haɗu lafiya da ɗan haƙuri da tef. Manyan igwa takwas masu santimita 38 a ɗakunansu huɗu, waɗanda ake kira Anton da Bruno a gaba, Caesar da Dora a baya, ba su da wata wahala. Kowane kamfani yana iya su. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

A nan ake yin ta: bindigogi masu santimita 10.5. Bismarck na da guda 16, bibbiyu a kan mazauni takwas, huɗu a kowane gefe. A tsakiyar jirgin akwai majaujawar da ke harba jirgin saman Arado, ta gitta daga gefe zuwa gefe a bayan bututun hayaƙi. A kowane gefe mazauni biyu suna gabanta, biyu suna bayanta. Wanda bai duba hoto da kyau ba zai ɗauka takwas ɗin nan tagwayen juna ne. Ba haka ba ne. Huɗun gaba tsohon ƙira ne da ake kira C/31, mazaunin da asali an tsara shi don bindiga mai santimita 8.8 kafin a ɗora masa babba. Huɗun baya sabon ƙira ne, C/37. Bindigar iri ɗaya ce, amma mazaunin da garkuwar da ta lulluɓe shi sun bambanta, kuma in ka jera su kusa da juna a tafin hannu za ka gani. Revell ya ba da iri biyun, kowanne da lambarsa a reshe. Wannan kaɗai ya sa na yi na'am da kuɗina. Akwai tsofaffin kwalaye a kasuwa, ba sai na kama suna ba, waɗanda suka zubo iri ɗaya sau takwas, suka bar mai haɗi ya je neman gyara a wani wuri.

Shawarata a nan mai sauƙi ce, amma kada a raina ta. Kada ka yanke takwas ɗin gaba ɗaya ka zuba a murfi guda. Da zarar sun rabu da reshe lambarsu ta tafi, kuma bayan an shafa musu fenti mai toka ido ya gaji, sai su rikiɗe maka. Murfin kwalba biyu, ka rubuta “gaba” a ɗaya, “baya” a ɗayan, shi ke nan.

Sai na'urorin saiti, waɗanda su ne ainihin dalilin wannan rubutu. Mutane da yawa sun ɗauka mai bindiga shi ke duban jirgin sama ya harba, kamar maharbi da tsuntsu. A manyan bindigogin kakkaɓo ba haka aikin yake ba. Akwai wani ɗan ɗaki mai juyawa da aka ɗaga sama, cikinsa ma'aunin nisa mai hannu biyu, madubi a ƙarshen kowane hannu. Mutanen ciki su bi jirgin abokan gaba da ido, su auna nisansa da tafiyarsa, a tura wannan zuwa ɗakin lissafi can ƙasa a cikin jirgi, daga nan umarni ya hau zuwa ga bindigogi: juya nan, ɗaga haka, saita harsashi ya fashe bayan daƙiƙa kaza. Bismarck na da irin waɗannan wurare huɗu. Biyun gaba, samfurin SL-8, suna hagu da dama na hasumiyar gaba, kowanne a kan dogon ginshiƙi, an rufe shi da kubbar ƙarfe mai kama da kifaffiyar ƙwarya, hannuwan ma'aunin nisa na mita huɗu sun leƙo ta gefe biyu. An yi su ne yadda ko jirgi na tangaɗi a kan igiyar ruwa, su suna nan a daidaice. Biyun baya kuwa a kan layin tsakiyar jirgi suke, ɗaya a bayan babban turke, ɗaya gab da ɗakin igwa na Caesar, kuma ba su da kubba. A buɗe suke, na wucin gadi aka sa. Dalilin da masu bin tarihin jirgin ke bayarwa shi ne cinikin da Jamus ta ƙulla da Tarayyar Sobiyet a Fabrairun 1940, wanda a ƙarƙashinsa aka sayar wa Sobiyet jirgin yaƙi Lützow tun ba a gama shi ba, tare da kayan aikin sojan ruwa, har odar tasu ta sha gaban ta gida. Tirpitz, ƙanen Bismarck mai ƙira iri ɗaya da shi, ya samu kubba huɗu daga baya. Bismarck bai yi tsawon ran da zai samu ba.

Saboda haka in ka ga ƙaramin jirgi an rubuta masa Bismarck, kuma ga kubba huɗu reras, to Tirpitz ne ya ari suna. Revell bai faɗa wannan rami ba: kubba biyu a gaba, buɗaɗɗu biyu a baya. Kubbar tasa ta fito da siffa mai kyau. Sai an ɗan bi layin haɗinta da samfefa mai laushi, domin a kan abu mai zagaye ɗan tudu kaɗan ma fenti na tona masa asiri.

Akwai abin da babu takardar umarnin da za ta yanke maka shi, ta Revell ko ta wani: wace rana kake haɗawa? An miƙa jirgin ga rundunar ruwa ranar 24 ga Agustan 1940, ya nutse ranar 27 ga Mayun 1941. Wata tara ke nan, kuma a cikinsu kamanninsa sun yi ta sauyawa. Hotunan Hamburg na ƙarshen bazarar 1940 suna nuna shi babu mazaunan baya na bindigogin 10.5, babu kuma manyan ma'aunan nisa a saman hasumiya. Daga baya aka riƙa ɗora su. Na kan ɗakin kwamanda na gaba, mai mita bakwai, sai a watannin farko na 1941 ya hau. A ɗaya ɓangaren kuma an rage wani abu: ɗakin igwa na Anton ya fara da nasa ma'aunin nisa, hannuwa biyu a gefensa, amma ruwan da ke tsallako goshin jirgi ya yi ta dukansa har aka cire shi a sanyin 1940 zuwa 1941, aka liƙe ramukan da farantin ƙarfe. Bindigogi masu santimita 2 masu hanci huɗu-huɗu, mazauni biyu a hagu da dama na hasumiyar gaba, sai a Afrilun 1941 suka zo. Ratsin baƙi da fari na ɓad-da-kama da aka yi masa a Tekun Baltik kuwa, wanda kowa ke sha'awa saboda yana da kyau a hoto, an shafe shi da toka a Grimstadfjord kusa da Bergen a Norway ranar 21 ga Mayu. Wato wanda ya sa wa Anton hannuwansa kuma ya ɗora masu hanci huɗu a hasumiya, ya haɗa jirgin da bai taɓa wanzuwa ba ko da na yini ɗaya. Ni na tsaya a kan 24 ga Mayun 1941, ranar da ya nutsar da jirgin yaƙin Ingila Hood a mashigin Denmark: Anton babu hannuwa, masu hanci huɗu suna nan, ratsi babu.

In ka tsai da rana, sai ka tsai da hali. Jirgin na tafiya ne cikin lumana, ko yana faɗa? Wannan ne wurin da na fi ganin ana ɓata aiki mai kyau. Mutum ya sha wahalar watanni, sannan ya manna bindigogi kowace ta kalli inda ta ga dama, ɗaya sama, ɗaya teku, na'urar saitin kuma ta juya musu ƙeya. Soja ba ya barin kaya haka. A lokacin lumana mazaunan gaba suna kallon goshin jirgi, na baya suna kallon baya, hancinsu a jere. A lokacin faɗa kuma bindigogin da ke amsa umarnin na'ura ɗaya suna bin inda take kallo, da kusurwa ɗaya. Ga kuma abin da ake yawan mantawa: ma'aunin nisa ba ya nuna abin hari da hannunsa kamar mai nuni da yatsa. Hannuwan suna gittawa ne, domin madubin hagu da na dama su kalli abu ɗaya daga wurare biyu, daga bambancin ne ake fitar da nisa. To in kubbar tana kallon gaba, hannuwanta hagu da dama suke. In tana kallon gefen jirgi, hannuwanta sun bi tsawon jirgin. Haka ma manyan ma'aunai uku na igwa: na ƙololuwar hasumiya da na baya masu mita 10.5, wato milimita 30 a roba, da na gaba mai mita bakwai, milimita 20. Kowannensu na ɗauke da ragar rada samfurin FuMO 23 a fuskarsa, mita huɗu da mita biyu, kuma ragar tana kallon inda ma'aunin ke kallo. Na baya, a zaman lumana, baya yake fuskanta.

Ragar nan ta gaba tana da labari. Da yammacin 23 ga Mayu, da Bismarck ya buɗe wa jirgin Ingila Norfolk wuta, girgizar igwarsa ce ta kashe masa radar gaba, shi ya sa Admiral Günther Lütjens ya umarci Prinz Eugen, jirgin yaƙin Jamus da ke masa rakiya, ya wuce gaba. Washegari da asuba mutanen Hood suka fara harbin na gaba, suna zaton shi ne Bismarck. Ɗan gutsuren da bai kai farce ba a kwali, ga abin da ya jawo.

Yadda nake zaunar da su ba wata fasaha ba ce. Ina shimfiɗa zare daga goshi zuwa ƙarshen jirgi a kan layin tsakiya, in kama shi da tef, duk abin da ke hagu in auna shi da rula daga zaren, in nemi ɗan'uwansa na dama a kan awo ɗaya. Don kusurwar hanci kuma, kwali nake yankewa mai gangara ɗaya, in jingina kowace bindiga a kai har gam ya kama. Ƙananan kaya ba na manna su da gam ɗin roba mai narkarwa, domin shi in ya kama ya kama. Farin gam na kafintoci nake ɗiga da tsinken sakace, yana ba da 'yan mintuna a gyara, yana bushewa garai-garai, kuma in ana son cirewa ɗan ruwa ya isa. Bayan awo, sai in sunkuya in hango jirgin daga goshi, idona daidai da doronsa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: hancin da ya kauce daga 'yan'uwansa daga can ake kama shi, ba daga sama ba. Ramukan da Revell ya huda wa mazaunan 10.5 da ginshiƙan kubba sun yi daidai da awon da na yi daga hotuna da zanen jirgin, ban ga dalilin matsar da ko ɗaya ba.

Inda kwalin ya kai iyakarsa shi ne ƙananan bindigogi, kuma wannan iyakar roba ce, ba ta kamfani ba. Masu santimita 3.7 guda 16 ne, bibbiyu a mazauni takwas, huɗu a kowane gefe. Hancinsu a jirgin gaske ya ɗan haura mita uku, a nan bai cika milimita tara ba, raminsa kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Masu santimita 2, waɗanda aka fara sa masa guda 12 masu hanci ɗaya, nasu hancin bai kai milimita huɗu ba. Babu injin zuba roba da zai fitar da wannan siranta har ta tsira daga kwali zuwa hannunka. Dole su yi kauri. Daga nisan taku biyu ba a lura, amma a hoto na kusa sai su zama kamar an ƙara musu girma. Haka ragar rada: a roba allo ce mai zane, ba raga ba. Wanda abin ya dama yana da hanya biyu. Ko ya sayi siraran kayan tagulla da kamfanoni irin su Eduard ke yi wa irin waɗannan jirage, da hancin bindiga na ƙarfe, ko ya nemi bugun Platinum na Revell ɗin kansa, wanda ya zo da kayan tagulla da hancin ƙarfe da daɓen katako a kwali ɗaya. Ni na canja ragar rada da hancin 3.7, na bar sauran. A ganina ragar ce ta fi cancantar kuɗin, domin tana can ƙololuwa inda ido ke fara sauka.

Da na zauna ina jera waɗannan ƙananan abubuwa ne na fahimci yadda aka yi jirgi mai wannan tarin bindigogi ya kasa kakkaɓo ko ɗaya daga jiragen saman Ingila samfurin Swordfish da suka kai masa hari, tara daga jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama Victorious a daren 24 ga Mayu ƙarƙashin Eugene Esmonde, sha biyar daga wani irinsa, Ark Royal, ranar 26, waɗanda tofidonsu, wato bam mai tafiya a cikin ruwa, ya datse masa abin juya akala. Ana yawan cewa wai jiragen sun cika tafiyar hawainiya ne, na'urar Jamusawa ta kasa bin su. Labarin na da daɗin faɗa, amma ni abin da ke kan teburina ya fi gamsar da ni. Mazauni iri biyu da ba sa juyawa da sauri ɗaya. Rabin na'urorin saiti na wucin gadi, kuma su ne na baya. Masu 3.7 kuwa da hannu ake ɗura musu harsashi ɗaya bayan ɗaya, alhali irin bindigar Bofors mai milimita 40 tana ci da kanta. Ƙara da magariba, da gajimare a ƙasa-ƙasa, da jirgin da ke karkata hagu da dama yana kauce wa tofido. Wanda ya zubo takwas iri ɗaya da kubba huɗu ya share duk wannan daga jikin jirgin, ya ba ka Bismarck ɗin da aka zana a takarda maimakon wanda ya fita teku.

Maganar saye. A kasuwarmu ba a samunsa, sai ta intanet ko a hannun mai dawowa daga Turai, kuma kwalin babba ne, kuɗin aiko shi ya kusa kamo kuɗin kayan. Wanda ya sayar mini ya naɗe shi da leda kawai, kusurwa ɗaya ta lotse a hanya, Allah Ya sa gangar jikin ba ta tsage ba. In za ka yi oda, ka roƙi a saka shi cikin wani kwalin mai ƙarfi. Gam da fenti ba sa cikin kwalin, kuma masu ɗaukar kaya ta jirgin sama ba sa son kwalaben da ke kama wuta, don haka ka nemi fenti mai narkewa da ruwa. In lokacin hunturu ne, kada ka bar fenti ɗanye a buɗe ko na minti biyar, ka kifa masa kwali, in ba haka ba ƙura za ta yi masa ado.

Wanda bai taɓa haɗa komai ba, ɗan'uwa, kada ya fara da wannan. Gutsattsari 659 suna karya gwiwa, kuma rabinsu hantsaki da madubin ƙara girma suke bukata. Ya fara da ƙaramin jirgin rakiya mai igwa huɗu ko biyar da na'urar saiti ɗaya, ya koyi riƙe hantsaki yadda abu ba zai yi tsalle ya ɓace a tabarma ba. Yara ƙanana ma ba nasu ba ne. Wanda ya riga ya haɗa biyu ko uku, ya saya hankali kwance. Ya dai bar bindigogin kakkaɓo da na'urorin saiti sai ƙarshe, bayan an gama fenti da kwale-kwalen ceto da na'urorin ɗaga kaya, domin duk abin da aka manna da wuri hannun riga ne ke cin sa. Kuma tun kafin ya kai nan ya sa mai gilashi ya yanka masa akwati, tsawon santimita 80 a ciki, faɗi 20, tsayi 25. Hancin 3.7 na ƙarfe ba ya jure tsumman share ƙura.